Haya ta ƙare, kwazazzabo ya rage: wa zai biya ƙasar da ruwa ya tafi da ita?

Gonar baffana tana kan gangare ne, kanta a tudu, ƙafarta a bakin rafi. Tun muna yara akwai layukan gamba guda uku da suka ratsa ta a kwance, kuma ba mu taɓa tambayar amfaninsu ba, mun dai san a nan ake yanko ciyawar zana. Da ƙarfi ya fara gaza masa sai ya ba wani ɗan kasuwa hayarta na shekara uku. An yi ciniki a zaure, an biya kuɗi gaban mai unguwa, an yi fatiha. Mai haya ya kawo tarakta, direban ya ga gambar tana hana shi miƙe layi, ya bi ta kanta ya tumɓuke. Sannan ya ja kunyoyin daga tudu zuwa rafi, domin ta nan gonar ta fi tsawo kuma bai cika juyawa ba, man da zai ƙona ya ragu. Damina ta farko aka ga 'yan ƙananan hanyoyin ruwa tsakanin kunya da kunya, irin waɗanda fartanya ke shafewa. Damina ta uku tana ƙarewa akwai rami a ƙasan gonar wanda idan babban mutum ya shiga sai dai a hango hularsa.

Ranar da aka dawo masa da gonar na raka shi. Ya daɗe a tsaye a bakin ramin kafin ya ce wa mutumin, "Alhaji, ai ba haka na ba ka ita ba." Shi kuwa ya amsa da cewa, "Baba, ruwa na Allah ne. Ni noma na yi, kuɗinka kuma ban riƙe maka ko sisi ba." Mai unguwa ya rasa ta cewa, don a iya abin da aka faɗa gabansa ranar ciniki, mutumin bai karya komai ba. An ambaci kuɗi, an ambaci shekaru, an ambaci iyaka. Babu wanda ya ambaci ƙasar kanta.

Wannan giɓin nake so mu duba, domin shi ne dai ke maimaita kansa a filayen gini da ayyukan hanya, sai dai a can ramin ya fi girma kuma mutanen da yake ci sun fi yawa.

Zaizayar ƙasa tana da wata ɗabi'a da ke sa ta kuɓuce wa yarjejeniya: wanda ya jawo ta da wanda ya ɗanɗana ta ba kasafai suke zama mutum ɗaya ba, kuma tsakanin sanadi da sakamako akwai damina biyu ko uku. Ɗigon ruwa idan ya faɗo kan ƙasa tsirara yana farfasa ta, ruwan da ya taru ya kwashi lallausar ya gangara. Abin da ya fara tafiya shi ne fatar sama, inda taki da albarkar gona suke. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sha faɗa cewa santimita 2 zuwa 3 na wannan fatar na iya ɗaukar shekara 1,000 kafin su samu. Mai hayar shekara ɗaya ba zai ga asarar a buhunan da ya ɗaure ba, musamman idan ya watsa takin zamani ya rufe ta. Mai gona ne zai gani bayan shekaru, lokacin da gero ya fara fitowa ja-ja-ja a inda da yake baƙi ƙirin. Shi kuma kwazazzabo, da zarar ya samu baki, da baya yake tafiya: ruwa na zubowa a bakinsa yana ɓurma gindin, bakin ya rufta, ramin ya ƙara matsawa sama. Don haka ramin da aka fara a gonar wani yana iya ƙarewa a makabarta ko a bayan ɗakin wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Mutanen Gombe sun san wannan sarai, haka mazauna Bulbula da Gayawa a Kano, balle a je Nanka da Agulu a jihar Anambra inda ramuka suka haɗiye gidaje da gonaki.

A shari'ar da yawancinmu muke komawa gare ta idan rigimar gona ta taso, mai haya amintacce ne. Abin da aka ba shi amana ce a hannunsa, ba ya biyan abin da ya lalace sai in ya yi ta'addi ko sakaci. Wannan ƙa'ida ce mai adalci, don ba za a ɗora wa mutum ambaliyar da ta zo daga wani gari ba. Amma malaman fiƙihu ba su tsaya nan ba. Sun ce wanda ya yi hayar ƙasa don shuka wani abu yana iya shuka irinsa ko wanda bai kai shi cutar da ƙasa ba, amma ba shi da damar shuka wanda ya fi shi cutarwa. Ashe tun da can an san ƙasa tana cutuwa, kuma an san haya ba ta ba mutum izinin cutar da ita. Sun kuma ce abin da mutane suka saba da shi a al'ada hukuncinsa ɗaya da abin da aka sharɗanta da baki. Ga hadisin "babu cuta babu cutarwa" wanda ke cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik, ga kuma "Musulmi suna kan sharuɗɗansu". Idan aka haɗa waɗannan, baffana yana da hujja: cire gamba da jan kunya a tsaye ba abin da manoman yankin suka saba yi ba ne. Matsalarsa ita ce tabbatarwa. Wa zai shaida zurfin wurin kafin haya? Wa zai raba tsakanin abin da tarakta ta yi da abin da ruwan Agusta zai yi ko da ba a taɓa gonar ba? Al'adar da ake dogaro da ita ma ta yi rauni, domin an kafa ta ne lokacin da mai aro maƙwabci ne da za a haɗu da shi a masallaci, kuma kayan aikinsa fartanya ce da garmar shanu. Yau mai haya na iya zama mutumin birni da ba ya zuwa gonar sai ranar girbi.

Saboda haka nake ganin sharaɗin kare ƙasa dole ya fito fili a takarda, kuma ya fito da sunan aiki. Jimlar da lauyoyi ke yawan sakawa, wai mai haya zai kula da gona yadda ya kamata kuma ya mayar da ita yadda ya same ta, ba ta hana komai, domin kowa da yadda yake fassara "yadda ya kamata". Abin da ke aiki shi ne a ce: za a yi huɗa a kwance, tana ratsa gangare, ba za a cire gamba ko jema da ke iyaka da tsakiya ba, ba za a sare gawo, ɗorawa ko kuka ba, ba za a ƙona gona ba, za a bar wani kaso na kara a kwance bayan girbi, ba za a sayar wa masu tifa yashi ko marmara daga cikinta ba, ba kuma za a buga bulo a ciki ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan abu ne da shaida zai iya zuwa ya gani da idonsa ya ce an yi ko ba a yi ba. Kafin a miƙa gonar kuma a zaga ta tare da shaidu, a ɗauki hotuna da waya, a auna duk wata hanyar ruwa da ke akwai, faɗinta da zurfinta, ko da da sanda ne, a rubuta. Aikin rabin yini ne. Rashinsa ne ya sa mai unguwarmu ya yi shiru.

Maganar kara tana buƙatar a tsaya a kanta, don nan ne sharaɗi ke cin karo da aljihu. Kara da harawa kuɗi ne a yau. Mai kiwo zai saya, mai danga zai saya, mai girki zai saya. Mutumin da ya biya haya da tsada yana lissafa su cikin ribarsa, kuma ba zalunci ya yi ba. Amma gonar da aka share ƙal a watan Nuwamba za ta sha iskar hunturu wata da watanni ba mayafi, sannan ta tari guguwar farkon damina da ruwan farko a haka. A ƙasar jigawa irin ta arewacin Katsina da Jigawa da Maraɗi, iska na iya kwashe abin da ruwa bai kwasa ba. Idan mai gona yana son a bar masa kara, to ya san wani abu yake nema daga aljihun mai haya, ya kamata ya rage kuɗin haya daidai da haka. Sharaɗin da ke ɗora wa gefe ɗaya dukkan nauyi karya shi ake yi a ɓoye.

Nan ne nake ganin masu gonaki ma suna da nasu laifin, kuma ba a cika faɗa ba. Muna ba da haya ta damina ɗaya, ko mu bayar ba tare da ƙayyade lokaci ba don mu iya karɓewa duk ran da muka ga dama, sannan mu yi mamakin mai haya bai kai takin gida ba, bai jera duwatsu ba, bai tare bakin rami ba. Takin gida amfaninsa ya wuce shekara guda. Jerin duwatsu sai ya tara ƙasa damina biyu ko uku kafin a ga bambanci. Manoma da yawa suna da labarin yadda suka gyara gonar aro, ta yi kyau, mai ita ya ce ɗansa zai noma bana. Ga kuma tsohuwar fargaba cewa wanda ya dasa bishiya a gonar aro yana shirin cewa tasa ce, abin da ya sa masu gona ke hana dashe, alhali bishiyar ce ke riƙe ƙasar. Ingila ta yi fama da irin wannan a ƙarni na 19, lokacin da yawancin manomanta 'yan haya ne a filayen manyan masu ƙasa. Maganin da suka samo shi ne dokar da ta ba ɗan haya haƙƙin a biya shi diyyar gyaran da ya yi wanda amfaninsa bai ƙare ba ranar da zai tashi. Dokar 1875 ta bar abin ga zaɓin ɓangarorin, masu ƙasa da yawa suka kauce mata, sai ta 1883 ta mayar da shi tilas. Ba sai mun jira majalisa ba kafin mu saka irin wannan a takardunmu: idan mai haya ya yi jinga ko ya dasa itace da izinin mai gona, kuma aka karɓe gonar kafin shekara kaza, za a biya shi kaza, dashen kuma ba ya ba shi mallaka. Layi biyu ne, amma suna cire tsoro daga zukata biyu.

'Yan'uwanmu na Nijar sun nuna abin da ke faruwa idan manomi ya tabbata gyaran da ya yi zai amfane shi. Daga shekarun 1980 manoman Maraɗi suka fara barin tohon kututture a gonakinsu suna gyara shi maimakon sarewa, abin da suke kira sassaben zamani, har ya bazu zuwa Damagaram ya rufe kimanin hekta miliyan 5. Babban abin da ya sa ya kama shi ne manoma sun fara ɗaukar bishiyar gonarsu a matsayin tasu, ba ta jami'in gandun daji ba. Kuma tun daga dokar karkara ta 1993 ƙasar ta kafa kwamitocin filaye har zuwa matakin ƙauye, waɗanda ke ba da takardar shaida a kan sayarwa da kyauta da aro da haya da jingina. Inda akwai teburin da ake rubuta haya, akwai wurin da za a ƙara sharaɗin ƙasa. A wajenmu mafi yawan hayar gona ba ta wuce zauren mai unguwa, to shi ma zauren zai iya ajiye littafi.

A filin gini lamarin ya fi sauri. Katafila na kankare fili cikin yini ɗaya, ta cire ciyawa da saiwa, ta tara ƙasa tsibi-tsibi, manyan motoci su daddanne sauran har ruwa ya kasa shiga. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa laka da ke fita daga filin gini takan ninka wadda ke fita daga gona sau 10 zuwa 20. Lakar nan ita ce ke cika lambatu a unguwa, ruwa ya rasa hanya ya shiga gidaje, ita ce kuma ke sauka a koguna da madatsun ruwa tana rage musu ciki. Bayan an gama ginin ma ba a huta ba, domin rufin kwano da daɓen siminti ba sa shan ruwa, duk abin da ya sauka a kansu waje yake nufa, a dunƙule.

Mafi munin abin da na gani da idona kwalbati ne. An yi wata hanya a yankinmu, aka tattara ruwan gangare mai faɗi wanda da yake bazuwa a hankali cikin gonaki, aka tura shi ta bututu ɗaya ƙarƙashin titi. A bakin fitar ba a zuba dutse ba, ba a yi matattakalar da za ta karya ƙarfin ruwan ba, ba a ja magudana zuwa rafi ba. Siminti ya ƙare daidai inda iyakar aikin ta ƙare, ruwa ya faɗa kan gonar wata gwauruwa. Da muka je da ita wurin injiniyan da ke kula da aikin, ta ce masa, "Ɗana, ruwan nan naku ya cinye min rabin gona." Ya buɗe zanen ya nuna mana da yatsa, cikin ladabi, ya ce, "Mama, ki yi haƙuri, abin da aka ba mu mu yi ke nan, nan aikinmu ya tsaya." Gaskiya ya faɗa. Wanda ya zana aikin bai bi ruwan zuwa inda zai kwanta ba, wanda ya rubuta kwangilar bai saka kuɗin hakan ba, ɗan kwangila kuma ba ya yin abin da ba a lissafa masa ba.

Wannan shi ne sirrin kwangilar gini da ya kamata duk mai bibiyar ayyukan gwamnati ya sani. Ana biyan ɗan kwangila ne bisa jerin ayyuka da aka auna aka sa wa kowanne farashi: mita kaza na kwalta, tan kaza na rodi. Duk abin da aka rubuta a shafukan sharuɗɗa da kyakkyawan lafazi amma ba shi da layinsa a wannan jerin, to sadaka ake roƙo. Kamfanin da ya saka kuɗin kare ƙasa cikin farashinsa zai fi abokan takararsa tsada, kuma tsarin bayar da kwangila yakan karkata ga mai rahusa. Don haka dasa ciyawa a gefen hanya, zuba dutse a bakin kwalbati, haƙa ramin tare laka, ajiye fatar ƙasa a gefe don a mayar da ita, da cike ramin da aka ɗebi marmara, kowanne sai an ba shi layi da farashi. Ramukan marmara ma babi ne guda. Sau da yawa ɗan kwangila da mai gona ne kawai ke cinikinsu, a biya shi kuɗi a hannu, a haƙa, a tafi. Ya karɓi kuɗin shekara ɗaya ya rasa gonar har abada, garin kuma ya gaji kududdufin da ke cin yara da dabbobi duk damina.

Sai lokaci. A tsarin kwangilar da ƙungiyar injiniyoyi ta duniya mai suna FIDIC ta tsara, wanda ake amfani da shi a manyan ayyuka da yawa a duniya, akwai sashe da ya wajabta wa ɗan kwangila kare muhalli a cikin filin aiki da wajensa, akwai kuma wa'adin gyaran aibu bayan miƙa aiki, wanda yawanci shekara ɗaya ne. Ana riƙe wani kaso na kuɗinsa, a sake masa rabi ranar miƙawa, sauran rabin sai wa'adin ya cika. Dabara ce mai kyau, don kuɗin da ke hannunka ya fi alƙawarin da ke bakin wani. Amma a ƙasar da ruwa ke sauka wata huɗu kacal, dole a auna wa'adin da damina. Aikin da aka miƙa a watan Nuwamba da wa'adin wata shida zai fita daga hannun ɗan kwangila a watan Mayu, kafin ɗigo ɗaya mai ƙarfi ya gwada shi. Ni a ganina duk aikin da ya taɓa hanyar ruwa a arewa bai kamata a saki kuɗinsa na ƙarshe ba sai ya ga Agusta biyu, kuma a binciken ƙarshe a bi ruwan da ƙafa daga bakin kwalbati har inda ya shiga rafi, tare da masu gonakin da ke hanyar.

Amurka ta kai wannan tunani nesa. A ƙarƙashin dokar tsabtar ruwa ta 1972, duk ginin da zai tone eka ɗaya ko fiye, wato ƙasa da rabin hekta, sai ya samu izini kuma ya rubuta tsarin yadda zai hana laka fita daga filinsa. A izinin da hukumar tarayya ke bayarwa, wurin da aka tone aka dakatar da aiki a kansa na kwana 14 dole a rufe shi, ana duba shingayen tare laka a kai a kai da kuma bayan ruwan sama, sannan ba a sallamar mai gini daga wannan nauyi sai ciyawa ta rufe aƙalla kashi 70 cikin 100 na yadda take a wuraren da ba a taɓa ba. Abin lura a nan shi ne kowane wajibi yana da adadi. Su ma ba da daɗi suka koya ba: guguwar ƙurar da ta kwashe gonakin tsakiyar ƙasar a shekarun 1930 ita ta sa suka kafa hukumar kare ƙasa a 1935, kuma bisa wata doka ta 1985 manomin da ke noma ƙasa mai saurin zaizaya ba ya samun tallafin gwamnatin tarayya sai yana bin tsarin kare ta.

Mu ma ba doka muka rasa ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen kowace jiha a hannun gwamna bisa amana, kuma ta ba shi ikon soke takardar mallaka idan aka saɓa sharuɗɗan da ke cikinta, wanda ke nufin gwamnati ita ce babbar mai ba da haya kuma tana iya saka sharaɗin magudanar ruwa da kare ƙasa a kowace takarda da ta sa wa hannu. Dokar tantance tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 ta wajabta bincike kafin manyan ayyuka. Hukumar NESREA mai tabbatar da bin dokokin muhalli, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idoji a 2011, ɗaya a kan zaizayar ƙasa da ambaliya, ɗaya a kan harkar gine-gine. Dokar ma'adinai ta 2007 ta ɗora wa masu haƙa nauyin gyara wurin da suka haƙa. Sai dai waɗannan duka tsakanin hukuma da mai aiki suke, kuma hukuma ba ta da ma'aikatan da za ta tsayar a kowane rukunin gidaje da ake yankawa a bayan gari. Yarjejeniya kuwa tana da mai tsaron da ba ya buƙatar albashi, wato ɗaya ɓangaren, wanda asarar za ta faɗa kansa.

To gwauruwar fa, wadda ba ta cikin kwangilar? A ƙa'idar da kotunanmu suka gada daga Ingila, wanda bai shiga yarjejeniya ba ba ya iya kai ƙara a kan saɓa ta. Abin da ya rage mata shi ne ƙarar sakaci ko cutar da maƙwabci, ko ƙa'idar da ta fito daga shari'ar Rylands da Fletcher ta 1868, inda ruwan madatsar da wani ya gina ya ɓalle ta tsofaffin ramukan haƙar kwal ya cika ma'adinar maƙwabcinsa, kotu ta ce wanda ya tara abu mai haɗari a filinsa shi ke da alhakin ɓarnarsa idan ya kuɓuce. Hanya ce da ke akwai, amma tana buƙatar lauya da injiniyan da zai ba da shaida da shekaru na zirga-zirga, matar da rabin gonarta ya tafi ba ta da ko ɗaya. Shi ya sa ya fi sauƙi kwangilar kanta ta tanadi maƙwabta: a ce ɗan kwangila zai biya ɓarnar da ruwan aikinsa ya yi wa wasu, a ajiye inshora ko lamunin banki domin haka, a kuma sanya wurin kai kuka da talaka zai iya isa da ƙafarsa. Ayyukan da Bankin Duniya ke ba da bashinsu suna zuwa da irin waɗannan tanade-tanade, kuma kamfanoninmu suna cika su idan sun san biyansu ya rataya a kai. Babu dalilin da zai sa aikin da jiha ko ƙaramar hukuma ta biya da kuɗinta ya zo ba tare da su ba.

Akwai masu cewa duk wannan zai ƙara tsadar gini da haya a lokacin da mutane ke fama. Zai ƙara, ba na musu. Amma kuɗin ana biyansa ko an so ko ba a so, bambancin kawai wa ke biya da kuma yaushe. A 2012 Bankin Duniya ya amince wa Nijeriya dala miliyan 500 don shirin NEWMAP na yaƙi da zaizayar ƙasa, a ƙarshen 2021 kuma ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL na farfaɗo da ƙasar da ta lalace, wanda ya shafi jihohin arewa 19 da Abuja. Bashi ne, 'ya'yanmu za su biya, kuma wani ɓangare nasa yana tafiya ne wajen cike ramukan da suka faro daga bakin magudanar da aka bari ba a kai ta ƙarshe ba. Tirela biyu na dutse a ranar da ake gina kwalbati da kilomitoci na kankare bayan shekara goma ba kuɗi ɗaya ba ne.

Bara ɗan baffana ya sake ba da abin da ya rage na gonar haya, wannan karon shekara biyar. Takarda ce shafi ɗaya da malamin makarantar garin ya rubuta da hannu, da Hausa. An rage wa mai haya kuɗin shekarar farko domin ya sake dasa gamba layi uku ya kuma jera buhunan ƙasa da duwatsu a bakin ramin. An rubuta cewa huɗa a kwance za a yi, kuma kashi ɗaya cikin uku na kara zai kwana a gona. An rubuta abin da za a biya shi idan aka karɓe ta kafin wa'adi. Sun kafa turke a bakin ramin, suka auna taku goma sha biyu daga nan zuwa gindin ɗorawa, mai unguwa da liman suka sa hannu, kowa ya ɗauki hoton takardar a wayarsa. An yi alƙawarin duk bayan girbi za a koma a sake auna takun.